Kallon Tsuntsayen Fadama da Lambu da Ɗaukar Hotonsu: Amfaninsa ga Mai Aikin Ƙamusun Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba buɗa ƙamusun Hausa don neman ma'anar sunan tsuntsu ya san irin amsar da yakan tarar. Sau da yawa bayanin ba ya wuce a ce wani irin tsuntsu ne, ko wani tsuntsu ne na bakin ruwa, sannan a zarce zuwa kalma ta gaba. Idan an yi sa'a a ƙara da launinsa ko tsawon ƙafarsa. Irin wannan bayani ba ya raba zalɓe da shamuwa, balle ya raba kurciya da hasbiya, kuma ɗalibin da bai taɓa ganin tsuntsun ba zai rufe littafin bai ƙaru da komai ba.

Tsirrai sun fi tsuntsaye sa'a ta wannan fuska. Tun a shekarar 1916 Dalziel ya fitar da littafin sunayen tsirrai na Hausa tare da sunayensu na kimiyya. Dalilin wannan fifiko a fili yake. Itace yana tsaye wuri ɗaya, ana iya kai mai ba da bayani gindinsa, a tsinki ganye a busar, a aika wa masana su tantance. Tsuntsu kuwa kafin a gama tambayar sunansa ya tashi. Bargery (1934) da Abraham (1949) sun yi ƙoƙari ainun wajen haɗa sunayen tsuntsaye na Hausa da nau'o'in da masana kimiyya suka sani, kuma ƙamusoshin da suka biyo baya, har da na Jami'ar Bayero (2006), sun amfana da aikinsu. Sai dai sun yi aikin ne a zamanin da hanyar tabbatar da tsuntsu ita ce a harbo shi a riƙe a hannu, kuma tantance tsuntsaye ba shi ne fanninsu ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa kallon tsuntsaye da ɗaukar hotonsu, abin da yawancin mutane ke ɗauka shagalin Turawa 'yan yawon buɗe ido ne, hanya ce ta bincike da mai nazarin harshe yake bukata. Za ta kuma nuna cewa ba a iya bayyana ma'anar sunan tsuntsu a Hausa sai an san lokacin da yake zuwa da inda yake sauka, domin waɗannan suna cikin abin da Bahaushe ke nufi in ya ambaci sunan.

2.0 Mazauna, Baƙin Damina da 'Yan Cin Rani

Ta fuskar zama da tafiya, ana iya kasa tsuntsayen ƙasar Hausa gida uku. Akwai mazauna, waɗanda ake gani rani da damina, kamar hankaka da hasbiya da ragon maza da fakara. Akwai masu ƙaura a cikin Afirka kanta, suna bin ruwan sama. Sannan akwai masu tahowa daga Turai da yammacin Asiya, su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su iso da kaka, wajen Satumba da Oktoba, su koma da bazara, wajen Maris da Afrilu. A wannan maƙala za a kira rukuni na biyu baƙin damina, na uku kuma 'yan cin rani, domin halinsu ɗaya da mutumin da kan bar gida bayan girbi ya koma kafin shuka.

Shamuwa, wadda masana ke kira Ciconia abdimii, ita ce fitacciya a cikin baƙin damina. Takan iso ƙasar Hausa gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa a kan manyan itatuwa a tsakiyar gari, ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, sannan da ɗaukewar ruwa ta nufi gabashi da kudancin Afirka, irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda damina ke somawa a daidai lokacin da tamu ke ƙarewa. Fāra da tsutsa take bi, su kuwa ruwa suke bi. Saboda haka shamuwa kusan ba ta san rani ba, kuma can ma mutane alamar ruwa suke ɗaukar ta. Sunanta na kimiyya, wanda aka raɗa mata a 1823, an ɗauko shi ne daga sunan wani gwamnan Turkawa a Sudan. Ke nan sunan da duniya ta san ta da shi bai faɗi komai game da halinta ba, alhali manomin Katsina in ya ce shamuwa ta zo, ya gama bayanin cewa a gyara gona a fito da iri.

Labarin 'yan cin rani ya daɗe yana ɗaure wa Turawa kai, domin su abin da suke gani shi ne tsuntsaye sun ɓace da sanyi sun dawo da ɗumi. A 1822 aka harbe wata farar shamuwa ta Turai, wato Ciconia ciconia, a arewacin Jamus, aka same ta da mashin mutanen Afirka soke a wuyanta. Gawarta tana nan ajiye a Jami'ar Rostock. Daga 1899, lokacin da wani malamin makaranta a Denmak mai suna Mortensen ya fara sanya wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, aka samu hanyar bin sawunsu. Moreau (1972) ya ƙiyasta cewa tsuntsaye miliyan 5,000 ne ke shigowa Afirka kowace shekara. Wani ƙiyasi na 2009 ya rage adadin ƙananan tsuntsaye da danginsu zuwa kimanin miliyan 2,100. Ko wanne aka ɗauka, baƙi ne masu yawan gaske, kuma da yawansu a yankin Sahel suke yada zango.

Abin da ya faru a 1969 ya nuna yadda rayuwarsu ta rataya a kan ƙasarmu. A bazarar wannan shekara masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya suka ga wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro, Sylvia communis, ya ragu da fiye da kashi biyu bisa uku. Da aka bi diddigi sai aka gano cewa ƙarancin ruwan sama a Sahel ne sanadi. Irin waɗannan ƙananan tsuntsaye sai sun tara kitse kafin su iya ƙetare hamada, kamar yadda binciken da Fry da abokan aikinsa suka yi a Malam Fatori, bakin Tafkin Chadi, ya nuna a 1970.

3.0 Fadamar Haɗeja da Nguru

Wurin da ya fi dacewa a ga rukunonin nan uku a rana ɗaya shi ne fadamar da ke tsakanin Haɗeja a Jihar Jigawa da Nguru da Gashuwa a Jihar Yobe. A nan ne kogin Haɗeja da na Jama'are suke malala a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tuddan rairayi, su rarrabu, kafin su haɗu su zama kogin Yobe da ke zuba a Tafkin Chadi. Ambaliya takan kai ƙarshen cikarta a ƙarshen damina, sannan ta riƙa janyewa a hankali, tana barin tafkuna da taɓo da gonakin shinkafa, a daidai lokacin da 'yan cin rani ke sauka a gajiye. An fara shirin kare wannan fadama a 1987, kuma a 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, wuri na farko da ya samu wannan matsayi a Nijeriya. Dagona, kusa da Gashuwa, da Baturiya a Jigawa sun shiga jerin a 2008.

Wanda ya shiga kwalekwale a wannan wuri da sanyin safiyar Janairu zai ga dinya da kirinjijiya da zalɓe, waɗanda kowane masunci zai faɗi sunansu ba tare da jinkiri ba. A tare da su zai ga garken wasu ƙananan agwagi, Spatula querquedula, da wasu masu dogon wuya da tsinin wutsiya, Anas acuta, waɗanda aka ƙyanƙyashe a Turai da Rasha. A gonakin shinkafa da aka girbe kuma zai ga dubban wasu tsuntsaye masu ruwan ƙasa da dogayen ƙafafu, Calidris pugnax, suna tsintar hatsin da ya zube.

Fadamar ba ta kai girmanta na da ba. Madatsar ruwa ta Tiga, da aka kammala a 1974, da ta Challawa, a 1992, sun sauya yawan ruwan da ke isowa da lokacin isowarsa, ciyawar kacala kuma ta toshe mashigai da dama. Wannan ya shafi masunci da manomi da makiyayi kafin ya shafi tsuntsu, kuma waɗannan mutane uku su ne ma'ajiyar sunayen da ake magana a kai. Haka nan ba Hausa kaɗai ake yi a wurin ba. Akwai Bade da Barebari da Fulani, kuma mutum ɗaya yakan ji harshe biyu ko uku. Don haka sunan da aka ji a bakin masunci a Gashuwa cikin zancen Hausa yana iya zama na Badanci ne, abin da ba za a gane ba sai an gwada shi da ayyukan da Schuh ya yi a kan Badanci da Ngizim.

4.0 Abin da Sunayen ke Nunawa

Idan aka tattara sunayen tsuntsayen da kowane Bahaushe ya sani, na birni da na ƙauye, za a ga galibinsu na mazauna ne da baƙin damina. Su ne suka samu suna tilo wanda ba a iya fasa shi, kamar shamuwa, balbela, gauraka, burtu, carki, yautai, su ne kuma suka shiga karin magana da kirari da tatsuniya. 'Yan cin rani kuwa a bakin gama-garin mutane sukan faɗa ƙarƙashin suna mai faɗi, a ce agwagwar ruwa, ko tsuntsun ruwa, ko kuma a ba su sunan wani mazauni da suka yi kama da shi. Ba abin mamaki ba ne. Ba sa sheƙa a nan, ba sa yawan kuka, kuma a tufafinsu na aiki suke zuwa, sun bar na ado a gida. Berlin (1992) ya nuna cewa a harsunan duniya halittar da ta fi girma, ko ta fi fita daban, ko ta fi shiga harkar mutane, ita ke fara samun suna nata na kanta. Hausa ba ta kauce wa wannan ba.

Matsalar da wannan ke jawo wa mai ƙamus ita ce suna ɗaya yakan rufe nau'i biyu masu mabambancin hali. Shirwa misali ce mai kyau. Akwai ta Afirka mai rawayan baki, wadda ke hawa arewa da damina ta gangara kudu da rani, akwai kuma ta Turai mai baƙin baki, wadda ke zuwa da kaka. Ga mai kiwon kaji duk shirwa ce, kuma yana da gaskiya, tunda ɓarnarsu ɗaya. Haka alhudahuda: akwai mazauni, akwai mai zuwa daga Turai, kuma da wuya ido ya raba su. Kurciyar Turai, Streptopelia turtur, wadda ke cin rani a Sahel, ita ma cikin kurciyoyi za a lissafa ta. Kuskure ne mai ƙamus ya zaɓi sunan kimiyya ɗaya ya liƙa wa irin wannan kalma don kawai shafinsa ya yi tsaf. Iyakar ma'anar kalmar Hausa daban, iyakar nau'i a kimiyya daban, wani lokaci su dace, wani lokaci su saɓa, kuma aikin ƙamus shi ne ya nuna inda suka saɓa.

Ta fuskar ƙira, wasu sunayen sun yi kama da kukan mai su, kamar hankaka da cilakowa. Wasu harɗaɗɗu ne da ke siffanta jiki ko hali: jan baki, babba da jaka, ragon maza, kazar ruwa. Ragon maza, Centropus senegalensis, ya samu sunansa ne daga nawarsa wajen tashi, domin ya fi son ya kutsa cikin duhuwa da ya buɗe fiffike. Kaɗan aro ne daga Larabci ta hanyar karatun Alƙur'ani, kamar alhudahuda da salwa, waɗanda mutum kan san sunansu a makarantar allo tun kafin ya san tsuntsun. Ta wajen jinsi kuma akwai abin lura. Shamuwa da balbela da shirwa da dinya mata ne, kamar yadda ƙarshensu ya nuna, amma gauraka da hankaka maza ne duk da sun ƙare da wasalin a, ungulu kuwa mace ce duk da ba ta ƙare da shi ba.

Kirari da karin magana su ne suka fi nuna zurfin kallon da Bahaushe ya yi wa waɗannan halittu. Ana yi wa balbela kirari da ci da motsin wani, kuma babu masanin da zai bayyana hanyar cin abincinta fiye da haka: tana bin shanu ne tana kama ƙwarin da kofatonsu ya tayar daga ciyawa. Na hankaka ya fi wannan ban sha'awa. Ana ce masa mai da ɗan wani naka, kuma fassarar da aka saba ji ita ce yana ɗauko 'ya'yan wasu tsuntsaye ya rena. Mai karatun zamani zai iya ɗaukar wannan camfi ne kawai. To amma akwai wani tsuntsu mai dogon wutsiya da ɗigo-ɗigon fari a baya, Clamator glandarius, wanda ba ya sheƙa, sai dai macen ta faki ido ta saka ƙwanta a sheƙar wani, kuma a Afirka hankaka yana cikin waɗanda ta fi yi wa haka. Mundy da Cook (1977) sun bi wannan al'amari a sheƙunan hankaki a kewayen Sakkwato. 'Ya'yan baƙon ba sa tunkuɗo na mai gida ƙasa, tare ake renon su. Saboda haka yaron da ya hau itace ya leƙa sheƙar hankaka zai iya tarar da ɗan tsuntsun da bai yi kama da hankaka ba ko kaɗan, ga kuma hankaka yana ba shi abinci a baki. Abin da aka gani gaskiya ne. Bayanin ne aka juya, aka mai da wanda aka cuta ɓarawo. Mai nazarin karin magana da bai san wannan ba zai tsaya a kan ma'anar zance, ya bar tushensa.

5.0 Tsuntsayen Lambu

Ba kowa ke da halin zuwa Nguru ba, kuma ba dole sai an je ba. Lambun mangwaro da gwaiba a bayan gari, ko harabar makaranta mai itatuwan darbejiya da famfo mai ɗiga, sun isa a fara. A nan ake koyon raba kurciya da hasbiya da bardo, a ga marai yana saƙa, a ga yadda namijinsa ke yin rawaya fes da damina, da rani kuma ya koɗe ya koma kamar macen, har mai ba da bayani ya kira shi da wani suna dabam.

Lambunan kudancin Nijeriya suna da nasu darasi. A Ibadan da rani ake ganin shirwa mai rawayan baki, ta ɓace in ruwa ya kankama, haka kuma balbela ta fi yawa a lokacin da shanu suka gangaro. Shamuwa kuwa ba ta sheƙa a yankin kurmi. Ke nan yaron da aka haifa a Sabon Ibadan ko a Agege yana iya sanin kalmar shamuwa daga bakin kakarsa, amma ɓangaren ma'anarta da ya shafi damina da shuka ba shi da abin da zai rataya shi a kai. A gefe guda kuma yana ganin tsuntsayen kurmi kullum waɗanda Hausar Kano ba ta taɓa bukatar raɗa musu suna ba. Yadda Hausawan zango ke cike wannan giɓi, ko da aro daga Yarabanci ko da faɗaɗa ma'anar tsohon suna, fage ne da malaman Hausa na jami'o'in kudu suka fi kowa kusa da shi.

6.0 Kallo da Ɗaukar Hoto

Kayan aikin ba su da yawa: madubin hangen nesa, da kyamara mai dogon gilashi, da na'urar ɗaukar sauti, da littafin rubutu, da ɗaya daga littattafan tantance tsuntsayen Afirka ta Yamma, kamar na Serle da Morel (1977) ko na Borrow da Demey (2001). Wayar hannu ta wadatar wajen ɗaukar kuka da muryar mai ba da bayani, amma hotonta na tsuntsun da ke nesa ɗigo ne kawai. Lokacin fita shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. A sa rana a bayan mai ɗauka. Hazon hunturu yana kashe launi, ƙurarsa kuma tana shiga kyamara, alhali a lokacin ne 'yan cin rani suka fi yawa, don haka sai an yi haƙuri da shi. Fararen kaya da saurin motsi suna korar tsuntsu. Maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshi ya sunkuya yana tafiya kamar mai kiwo ya riga kowa sanin wannan, kuma shi ne malamin da ya kamata mai kyamara ya nema. Ba a taɓa sheƙa, ba a kuma tayar da garke don a samu hoton tashi, domin tsuntsun da ke tara ƙarfin ƙetare hamada kowane tashi asara ne gare shi. Kafin a fito da kyamara a ƙauye wajibi ne a gaida mai unguwa ko bulama a bayyana abin da ya kawo mutum.

Babban abin da ya kamata a yi hattara da shi shi ne yadda ake amfani da hoton bayan an ɗauka. Hanya mafi sauƙi ita ce a zauna a zaure a buɗe littafi ko a nuna hoto a ce, "Baba, mene ne sunan wannan?" Ita ce kuma hanya mafi haɗari. Hoto yana daidaita girma, gwara da jimina su cika shafi ɗaya daidai wa daida. Hoto ba ya motsi, ba ya kuka, ba ya nuna ko a kan ruwa aka ga tsuntsun ko a kan tudu, da rani ko da damina. Masunci kuwa da waɗannan yake gane tsuntsu. Yakan san kirinjijiya da fitonta cikin dare ba tare da ya gan ta ba, ya san zalɓe da tsayuwarsa tun daga nesa. Bugu da ƙari, dattijon da baƙo ya zo takanas ya tambaya ba zai so ya sallame shi hannu wofi ba. Zai ba da suna mafi kusa, mai bincike ya rubuta, kuskuren ya shiga littafi, na baya su kwafa.

Calidris pugnax da aka ambata a sama ya isa misali. A Turai, lokacin hayayyafa, namijin yakan fitar da wani tulin gashi a wuya kamar rawani, baƙi ko fari ko ja, kuma irin wannan hoto ne ya fi yawa a littattafan can. A fadamar Haɗeja ba a ganinsa da wannan ado. Manomin da ya shekara arba'in yana ganinsa a gonar shinkafarsa zai rantse bai taɓa ganin mai rawanin ba. Ga shi kuma namijin ya fi macen girma sosai, har a zaci nau'i biyu ne.

Saboda haka tsarin da ya fi inganci shi ne a juya al'amarin. A fita tare da mai ba da bayani, shi ya nuna tsuntsun ya faɗi sunansa, sannan a ɗauki hoton wannan tsuntsun da ya nuna, a ɗauki kukansa in ya yi, a ɗauki furucin sunan daga bakinsa. Amfanin hoton shi ne ya zama shaida da za a kai wa masanin tsuntsaye ya tantance, kamar yadda Dalziel ke da busasshen ganye. Akwai masu wannan ilimi a gida: cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Amurum kusa da Jos, ƙarƙashin Jami'ar Jos, ta horar da 'yan Nijeriya da yawa. Sannan a maimaita da wani mutum a wani gari, a kuma koma a wani lokaci na shekara. Tare da kowane suna a rubuta rana da wuri, da garin mai ba da bayani da sana'arsa da harshensa na farko. Maharba da masunta da makiyaya da yara masu ɗana tarko, su ne ke da rabe-raben da ba a ji a bakin ɗan birni, kuma sau da yawa yaro ɗan shekara goma sha biyu ya fi limamin garin sanin wannan babi.

Ɗaukar furuci ba ƙari ba ne. Dinya tsuntsuwa ce, ɗinya itaciya ce, kuma littattafan Turanci da ba sa rubuta haruffa masu lanƙwasa sun mai da su kalma ɗaya. Karin sauti da tsawon wasali kuwa rubutun yau da kullum ba ya nuna su, don haka sunan da aka samu a takarda kawai, ba a ji shi a baki ba, rabinsa aka samu.

7.0 Shigar da Sunan a Ƙamus

Bayanin da ya dace da sunan tsuntsu a ƙamusun Hausa zalla ya kamata ya bi hanyar da masu harshen ke bi wajen gane shi. A ƙarƙashin shamuwa, alal misali, bayan jinsi da jam'i da karin sauti, a ce tsuntsuwa ce baƙa mai farin ciki da dogayen ƙafafu, ta fi balbela girma, tana zuwa gab da damina ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, ta tafi da kaka, ana ɗaukar zuwanta alamar ruwa, kuma ba a saba kashe ta ba. Sunan kimiyya ya zo daga ƙarshe. Inda kalma ta rufe nau'i fiye da ɗaya, kamar shirwa da kurciya da tsattsewa, a faɗi haka a fili. Inda karin harshe ya bambanta, a nuna garin da aka ji kowane suna. Ga 'yan cin rani da ba su da suna tilo a bakin jama'a, ya fi kyau a fara neman abin da mutanen fadama ke kiransu da shi kafin a zauna a ofis a ƙirƙiro sabo, domin ƙirƙirarren suna da ya ci karo da na masu wurin ba ya zuwa ko'ina.

Wasu sunayen kuma lokaci yana ƙure musu. Ungulu, wadda a da ba a rasa ta a kowace mahauta da bayan kasuwa, ta yi ƙaranci ƙwarai a garuruwan Arewa, kuma a 2015 aka sanya nau'inta na cikin gari, Necrosyrtes monachus, a jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Gauraka, wanda ake ɗauka tsuntsun ƙasa na Nijeriya, a da yana yawo garke-garke a fadamun Arewa, Haɗeja da bakin Chadi duka. Farauta da kamu don sayarwa da raguwar dausayi sun kusa share shi daga ƙasar. Yara suna jin sunansa a tatsuniya, wasu sun gan shi a gidan ajiye namun daji ko a gidan wani mai hali. Mai aikin ƙamus da ke son hotonsa a sake cikin ciyawa, tare da masuncin da zai nuna shi ya kira sunansa, ya fi samun tabbas in ya ƙetara zuwa fadamun kogin Logone a arewacin Kamaru da Chadi.